Farin Yalon Tsohuwar Fadama

Ga ta nan, ta yi muku sallama.

Ta shigo mu ji ta.

Wata rana Bushiya, amarya mai kunya, ta kai wa mijinta abinci lambu, sai ta ji Kunkuru yana tambayar masu lambu: "Wai wa ke da sauran irin farin yalon nan na Tsohuwar Fadama?"

Kwaɗo ya ce, "Baba, mu na bakin rafi ambaliya ta share mu har iri."

Zomo ya ce, "Mu a tudu rijiya ta ƙafe. Wanda na bari don iri kuwa, ɗanɗano kawai na yi, ya ƙare."

Kunkuru ya yi ajiyar zuciya. "Da can shi muke miƙa wa baƙo kafin ruwa."

Bushiya ta sunkuyar da kai. Ranar da aka kawo ta, innarta ta ƙulle mata irin yalon nan ƙwaya bakwai cikin toka. Ta shuka a bayan ɗaki, ɗaya kaɗai ta tsiro, jiya ta yi fure.

Har ta buɗe baki, sai ta ga Zomo yana lashe leɓe. Ta kwashe kwanoninta ta tafi. Ko mijinta ba zai ji ba, sai yalon ya ƙosa.

Ƙurunƙus, kan ɓera a bakin rijiya.