Bakaniken da Ya Toshe Bakin Ƙarfe

An yi wani mutum a garin Isa, bakanike, ba zan kama sunansa ba don danginsa suna nan da rai. Allah ya ba shi kunne. Direba zai kawo mota, shi kuwa ya shiga ya zauna, ya ce a murɗa sitiyari har ƙarshe a zagaya fili a hankali. Da ya ji ƙas-ƙas-ƙas sai ya faɗi ƙafar da ke ciwo, da gaɓar da ta cinye, tun bai taɓa sifana ba.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka koma ɗakin ɓera, makiyaya suna sayar da saniya kamar a kyauta. Yunwa ta taɓa kowa, ya 'yan uwa, amma ba kowa ne ya sayar da amanarsa ba. Shi wannan ya sayar.

Ga dabarar da Shaiɗan ya koya masa. In gaɓar da ke riƙe da ƙafar mota ta cinye tana ƙara, gyaranta ɗaya ne, a cire a sa sabuwa. Shi kuwa sai ya yanki tsohuwar robar taya ya cusa a ramin, ya dake da guduma, ya cika da giris, ya wanke bayan ya yi ƙyalli. Ƙara ta ɗauke. Ciwon yana nan.

Akwai wani direba, Attahiru, mai tsohuwar a-kori-kura da ke jigila tsakanin Isa da Sabon Birni. Ya kawo motarsa ya ce, "Wagga mota in na sha kwana kuka takai, har tsoro nika ji." Mutumin ya yi abin da ya saba. Da Attahiru ya dawo ɗauka ya tambaye shi, "Ka sa sabuwa?" Ya ce, "Wallahi sabuwa ta." Ya jawo sunan Allah ya shafa a kan giris, ya karɓi ladansa har da ɗan hatsi.

Ku lura da kyau. Dā wannan ƙarar ce ke tsare Attahiru. Duk kwanar da ya zo, ƙarfe ya yi kuka, sai ya sassauta ya bi a hankali. Yanzu an ɗauke masa mai gargaɗinsa.

Ba a jima ba abinci ya ƙare a gidan bakaniken kansa, don abin da ha'inci ya kawo ba ya zama. Matarsa Habi ta ce za ta kai 'yarsu Fatu wurin iyayenta a Sabon Birni, inda ake da sauran dawa. Ya raka su tasha ranar kasuwa. Motar da ke kan layi kuwa ta Attahiru ce, an labta mata buhuna, mutane a sama.

Ya dubi ƙafar gaba ta dama, ya san abin da ke ciki. Attahiru ya hango shi ya ɗaga murya a gaban direbobi, "Ga wanda ya gyara min ita nan. Tun rannan ko tari ba ta yi ba. Iyalinka gaba za su zamna."

Me ya rage masa, ya 'yan uwa? Kalma ɗaya: ya ce wa mutanen da ke kan motar, ku sauko. Amma in ya ce haka za a tambaye shi dalili, ga direbobin da ya yi wa irin wannan aiki tsaye suna jinsa. Ya auna sunansa da ran 'yarsa, sai ya ce wa zuciyarsa ai robar za ta kai su. Da hannunsa ya ɗaga Fatu ya miƙa ta ciki.

A kwanar da ke gangarawa gulbi, Attahiru ya shiga da gudu don bai ji komai ba. Ƙafar ta fita. Habi da Fatu suna cikin waɗanda aka yi wa sutura.

Attahiru ya rayu, da ƙafa ɗaya. Da ya samu tashi sai ya dogara sanda ya je gidan bakaniken ta'aziyya, ya kama hannun mutumin ya sa masa guntuwar baƙar roba mai giris. Bai zage shi ba. Ya ce, "Ga sabuwarka."

Tun daga ranar ƙarar ta koma kunnen bakaniken. Ya bar gareji, ya koma bakin tasha cikin tsumma, yana tare kowace mota yana roƙon a sauke mutane, wai yana jin ƙas-ƙas. Gaskiyar da ya hana a ranar da take da amfani, yanzu ita yake rabawa kyauta, direbobi suna ture shi su wuce.

Kada ku ce wannan labarin bakanike ne kawai. Kai mai awo, kai mai magani, kai da zuciyarka ke ƙara duk lokacin da ka karkace kana cusa mata uzuri don ta yi shiru, wa ka ɗora a motarka?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya bar mana kunnen jin gargaɗi tun ƙafa ba ta fita ba. Amin.