Dalilin da ya sa ake tsinke farin inabi ba kiɗa

Dalilin da ya sa a wata ƙasa ta bayan tsaunuka ake tsinke farin inabi shiru, baƙin kuwa sai an kira makaɗa, ku matso ku ji. Kai mai motsi, zauna.

A da can inabin ƙasar duk baƙi ne. Da shi suke matsa giyar da fatake ke saye, ita ce abincinsu da suturarsu. Idan ya nuna sai a yi gayya, a bi gona gona da ganga ana tsinka ana waƙa.

Gona ɗaya ce gayya ba ta taɓa shiga ba, gonar Barmani. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi birni, gonar kuma tana gindin dutse inda rana ba ta daɗewa. Inabinta ba ya baƙi, fari yake tsayawa. Duk shekara takan share hanya, ta dafa abinci, ta tsaya bakin shinge.

Sarkin gayya, wani dattijo mai suna Ranau, yakan leƙo ya ce, "Barmani, naki bai nuna ba. In ya yi baƙi ki aiko."

Sai gangar ta wuce. Inabin ya ruɓe a reshe, ita kuma ta ci abincin ita kaɗai. Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Wata shekara ta gaji da jira. Ta tsinke kayanta, ta matse, ta rufe a tulu. A shekarar rana ta yi zafin da ba a saba ba, baƙin inabi ya yi zaƙi har giyarsa ta yi nauyi kamar maɗi. Fatake suka ɗanɗana, suka yamutsa fuska, suka fara ɗaure jakunansu.

Ranau ya tuna da tulun Barmani. Ya je ya roƙo kaɗan ya zuba a giyarsu, ɗan tsamin tata ya gyara ta tas. Fatake suka sauke kaya.

"Barmani, faɗi abin da kike so," in ji Ranau.

"Ba na son komai, Sarkin gayya. Ganga dai ta shigo gonata, ko sau ɗaya."

Ya yi mata alkawari, kuma ba maƙaryaci ba ne. Sai dai farin inabi yana riga baƙi nuna, in aka jira gayya tsaminsa ya gudu. Da shekara ta zagayo nata ya nuna, Ranau ya aiko cewa ta daure ta tsinke, gari duka ya dogara da ita. Ta tsinke ita kaɗai. Da gayya ta iso da ganga, ba ko ƙwaya a reshe. Suka gaishe ta daga bakin shinge, suka wuce gona ta gaba.

Shi ya sa har yau, ko da yake babu tulun da ba a zuba farin inabi a ciki, shi ake fara tsinkewa, kuma babu mai kaɗa masa ganga.