Jatau da Buhunan Makwarara

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Jatau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, manomin albasa ne. Garinsu na da ƴar madatsar ruwa ta ƙasa, an bar mata makwarara a gefe, don in ta cika ruwa ya samu mafita, kada ya haura bango ya cinye shi.

To ku saurara, ɗan Adam ba ya ƙoshi. Masu lambu suka ga ruwa na zurarewa, wai a banza, suka toshe makwarara da buhunan yashi. Ruwa ya ƙaru har ya kai lambun Jatau da ke can ƙarshe. A gangaren madatsar kuwa ƙauye ne guda, da mata da yara.

Ana nan aka turo injiniya duba lafiyar madatsa kafin damina. Mutane suka yi maza suka ɓoye buhuna, da niyyar mayarwa in ya juya baya. Ya zagaya, ya auna, ya ce, "Muddin makwararar nan a buɗe take, za ta ɗauki ambaliya. Ba kwa toshe ta dai ko?"

Mai unguwa ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, wa zai yi haka?"

Jatau ya ce, "Mu ne. Buhunan na bayan kukar can. Da hannuna na ɗora wasu."

Wansa ya ja shi gefe. "Kai Jatau, lambunka fa zai fara bushewa."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Gara albasata ta bushe da in zauna a tabarmar makokin mutanen gangare ina ce musu ƙaddara ce."

Lambu ya bushe. Aka daina amsa gaisuwarsa, ya ji zafi ƙwarai, amma bai janye ba. A ɗora buhu ya sauke, a ɗora ya sauke. Da ruwa mai ƙarfi ya zo, madatsa ta cika maƙil, ruwa ya bi makwarara ya wuce, bango ya tsaya. Mutanen gangare ko sunansa ba su sani ba, balle su gode.

Jama'a, gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa na iya faɗinta. Ta bayin Allah ita ce wadda ke busar da lambunka, ka kuma faɗe ta. Kai mai gini, kai direba, ke mai abinci, akwai mutane a gangarenku. Kowa ya san inda ya ɓoye buhunsa. Ya je yau ya fito da shi, tun kafin hadari ya taso.