Suna Na Bakwai a Takardar Jana'iza

A garin Ejisu, kusa da Kumasi, akwai wani mai buga takardun jana'iza, sunansa Yaw Amankwa. Ya iya aikinsa, wannan babu ja. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Ko fufu aka ajiye masa sai ya ƙona yatsa, don ba ya iya jiran miya ta huce.

Ƙanwarsa Afrakoma, wadda ta karanci kwamfuta a Kumasi, ta haɗa masa mataimaki na na'ura, irin wanda ake rubuta wa magana ya ba da amsa. Aiki ɗaya ta koya masa, tsara sanarwar mutuwa. Ta kuma kafa masa ƙa'ida: kada ya jera sunayen masu makoki sai ya tambayi wane ne babban dangin uwar mamaci, kuma ko ya ga jerin ya amince. A nan gawa ta dangin uwa ce, sunan babbansu ne ke fara zuwa.

Wata biyu Yaw ya jure. Ran nan ya ce, "Afra, wannan abin naki ɗan sanda ne? Tambaya, tambaya, kamar na saci akuya!"

Ta ce, "Yaya, ai tambayar ce amfaninsa."

"Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a. Inji ne zai koya mini dangi?"

Tana komawa Kumasi ya buɗe inda ta rubuta ƙa'idojin, ya goge wannan layi, ya rubuta: jera yadda aka ba ka, ban da tambaya. Mataimakin ya bi umarni. Aiki ya yi sauri, Yaw ya ji daɗi.

Ana nan wani dattijo, Opanin Sarpong, ya rasu, aka kai gawarsa ɗakin sanyi na asibiti. Ɗansa Ofori ya iso daga Jamus, inda ya girma. Hutun mako biyu kacal aka ba shi a wurin aiki, kuma babu abin da yake so irin ya ga an binne mahaifinsa da idonsa. Aka sa ranar Asabar. Ya kawo wa Yaw jerin sunaye yadda ya ga ya dace, 'ya'ya a sama, sai matar mamacin, sai sauran dangi. Nana Gyasi, wan mamacin kuma babban dangi, ya faɗo na bakwai.

Ofori ya ce, "Ɗan'uwa, duba mini, ni ban san tsarin nan sosai ba."

Yaw ya ce, "Kwantar da hankalinka, Bature. Injina ba ya kuskure."

Bai karanta ba. Ya zuba sunayen, mataimakin ya jera su yadda aka ba shi. Kafin la'asar an manna takarda ɗari biyu, daga tashar mota har ƙofar coci.

Nana Gyasi ya tsaya gaban wadda ke jikin bangon kasuwa, ya sa tabarau, ya ƙirga da yatsa. Ya ce, "Na bakwai. To, madalla. Shidan da ke samana su je su karɓo gawar."

Asibiti kuwa ba ya sakin gawa sai da sa hannunsa. Aka kai masa ban haƙuri, aka yayyage takardun, aka buga sababbi. Ya ce abin da gari ya karanta ya riga ya karanta, sai dangi sun zauna. Ranar Asabar aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, mutane suka zo cikin kayan makoki ja da baƙi daga garuruwa, babu gawa.

Ranar da Ofori zai koma, ya biya ta shagon da jakarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni baƙo ne a garin ubana, shi ya sa na ce ka duba. Kai fa, ina ka girma?"

Bayan mako shida aka binne Opanin Sarpong. Ɗansa ya kalli jana'izar ta waya, a tsaye a bayan ma'aikatar da yake aiki a Jamus, lokacin hutun cin abinci.

Darasin wannan labari shi ne, mataimakin na'ura ba ya wuce abin da mai shi ya ɗora shi a kai. In ka hana shi tambaya, to nauyin tambayar ya dawo kanka. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Duk abin da na'ura ta tsara maka, karanta shi da idonka kafin ya fita, domin sau da yawa gaggawarka wani ne ke shan wahalarta.