Kayan Rezon Marigayi Surajo

Akwai wani mutum a garin Deule, cikin yankin Buza, ana kiransa Surajo. Shi ne ya fara kafa wifi, wato rezon shiga intanet, a garin. Ya dasa dogon ƙarfe a bayan gidansa, ya ɗora anten, wato eriya, guda uku a kai, ya haɗa da sola da batura. Samari da matan da mazansu suka tafi cin rani suna sayen tike, wato katin shiga rezon, a wurinsa, su yi magana da nasu.

Ana nan sai ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi. Ya bar matarsa Mansura da 'ya'ya uku. Babu wanda ya iya sarrafa kayan, sai rezon ya mutu.

Mansura na fita takaba, Abdulmumin ya yi sallama. Shi ne babban aminin marigayin, shi ya tsaya a kan jana'izarsa. Ya zagaya ya duba kayan yana girgiza kai.

"Maman Zuhura, in hwaɗa miki gaskiya, kayan ga sun tsuhwa. Rana ta cinye su. Amma don ɗiyan abokina, ina ba ki jika tamanin in kwashe tarkacen."

Mansura ta yi godiya. Hatsin rumbu ya kusa ƙarewa, jika tamanin kuwa, wato sefa dubu tamanin, ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ta ce ya ba ta mako guda ta yi shawara.

Kwana biyu bayan haka wani baƙo ya zo a kan tsohon babur. Ya ce sunansa Halidu, daga Keita yake, gyaran kayan rezo ne sana'arsa, kuma ya ji labarin za a sayar da na marigayi. Ya hau ƙarfen, ya daɗe a sama, ya sauko ya auna baturan ɗaya bayan ɗaya.

"Baiwar Allah, nawa aka taya miki?"

Ta ƙi faɗa.

"To, ni dai abin da na gani: anten biyu ba su shekara da saye ba. Batur guda ne ya mutu. Kayan ga ko an karya kuɗinsu, sun kai jika ɗari shida. Ni ɗari uku da hamsin gare ni, ba su isa ba. Amma kada ki bari kowa ya ɗauka ƙasa da ɗari biyar."

Tunda Mansura take ba ta taɓa ganin mai saye ya ɗaga wa kansa farashi ba. Ta dubi takalminsa da ya tsinke, ta dubi babur ɗin da aka ɗaure da igiya. Ta ce a ranta, wannan ko dai ɗan damfara ne, ko ɗan leƙen asirin ɓarayi. Ta karɓi lambarsa, ta sallame shi ba ko ruwa.

Da ta ba Abdulmumin labari, sai ya tafa hannu.

"Kin gani ko! Haka su kai. Su cika miki kunne da manyan kuɗɗi, su ba ki jabu, ko su dawo su kwance kayan kina barci. Bari in kawo mota gobe in ɗauke su kahin a yi miki sata."

Kalmar "gobe" ce ta tsaya mata a rai. Mutumin da ya ce tarkace ne, me ya sa yake gaggawa har da ɗauko mota? Yanzu ta rasa wanda za ta yarda da shi, amini ko baƙo.

Ta ce masa ya ƙara mata kwana uku. Ta sa wayarta ta ɗauki hoton kowane kaya da rubutun da ke jikinsa. Washegari ta shiga motar kasuwa zuwa Madawa, ba ta gaya wa kowa abin da zai kai ta ba.

A shagon farko na masu sayar da kayan sola da rezo, ta nuna hoton anten guda, ta tambayi kuɗin sabonsa. Aka ce jika ɗari da saba'in. Ta zaci an ga mace ce ana tsuga mata, sai ta wuce shago na biyu. Nan ma kusan haka aka faɗa.

Mai shago na biyun, wani dattijo, ya karɓi wayar ya yi ta duba hotunan. Sai ya ɗago kai.

"Ɗiyata, kayan ga na Deule ne?"

"Ina ka sani, Baba?"

"An nuna mini hotonsu makon jiya. Wani Abdulmumin ya ce nashi ne, mun daidaita jika ɗari biyar da hamsin. Jibi muka yi shi kawo su."

Mansura ta nemi benci ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tuna yadda mutumin nan yake cin tuwo a kwano ɗaya da mijinta shekara da shekaru.

Ranar da aka yi alkawari, Abdulmumin ya iso da mota da kuɗinsa a hannu. Ya tarar da ita a ƙofar gida tare da ƙanen marigayin da limamin unguwa.

"Malam Abdulmumin," in ji ta, "dattijon Madawa na gaishe ka. Ya ce in hwaɗa maka kada ka wahal da kanka, mai kayan ta zo da kanta."

Abdulmumin ya mayar da kuɗinsa aljihu. Haka ya biya kuɗin motar da ta koma babu kaya, kuma kafin la'asar labari ya gama gari.

Sannan ta kira Halidu. Da ya zo ta shimfiɗa masa tabarma, ta roƙe shi gafara a kan zaton da ta yi masa. Ta tambaye shi abin da ya sa ya gaya mata gaskiya, alhali da ya yi shiru da ya samu kayan da araha.

"Ni ke hawa ƙarhen kullum," in ji shi. "Ba ni son in hau sama da haƙƙin marayu bisa wuyana."

Ta ce ta fasa sayarwa. In ya yarda, ya tayar da rezon, ita ta riƙa sayar da tike, su raba riba. Ya sa kuɗinsa ya canza batur ɗin da ya mutu, cikin kwana biyar wayoyin mutanen Deule suka kama.

Da mutane suka ji yadda aka yi, ƙauyuka biyu na kusa suka aiko a kafa musu nasu, kuma suka ce Halidu kaɗai suka yarda ya sayo musu kaya, don shi ba ya ƙara ko dala a kan farashi. 'Ya'yan Surajo kuwa duka ukun suna lakkol, suna karatun boko da kuɗin kayan da aka kira tarkace.

Darasi: Kada ka sayar da abin da ba ka san darajarsa ba sai ka taka da ƙafarka ka tambaya. Daɗewar zumunci ba ita ce amana ba, baƙunta kuma ba laifi ba ce. Wanda ya faɗi gaskiya a inda ƙarya za ta ba shi riba, Allah ba ya barinsa ya taɓe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙon dukiyar marayu.