Mai Injin Roba da Ƙyallen Duba Iska

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum mai injin niƙa roba. Rumfarsa ta kwano tana jingine da katangar gidansa. Ana kawo masa shara buhu-buhu, ya ware, ya wanke, ya niƙa.

Ba jahili ba ne, ya yi karatun kimiyya. Yakan ɗaga gorar ruwa ya bayyana wa mutane cewa ƙananan ƙwayoyi ne aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya, kamar sarƙa, kuma a kowane ƙulli ɗan ruwa ke fita. Haka ma igiyar nailan, da farantan nan masu tauri da ba sa narkewa. Gorar, in ji shi, a narka ta a sake yin wata. Amma nailan da farantan, in suka ci wuta a wurin da iska ba ta wadata ba, hayaƙinsu guba ne mai hana jiki amfana da numfashi. Da bakinsa yake faɗa.

Gora kawai masana'antar da yake kai wa kaya take saye. Sauran tarkacen sai an kai shi can bayan gari, inda aka tanada. Ya ga nisa, ya ga wahala. Sai ya haƙa ramin ƙona shi a bayan rumfa.

Ya ɗaura wani jan ƙyalle a kan sanda. Kafin ya ƙyasta ashana, sai ya ɗaga kai ya duba. In ƙyallen ya karkata wajen gidansa, ya fasa. In ya karkata wajen maƙwabta, ya kunna.

Maƙwabcinsa tela ya zo har sau uku, yana cewa matarsa ba ta iya numfashi, yaransa idanu jawur. Mutumin ya yi dariya, ya ce, "Haba maƙwabci, ni ke tuƙa iska? Ka ɗinka mata labule mai kauri mana, ba sana'arka ba ce?"

Tela ya kai ƙara, ma'aikatan tsafta suka zo suka gargaɗe shi: kada a sake ganin hayaƙi.

Ya tuba? A'a. Dabara ya sake.

Wata rana da azahar, ya tara tarkacen a cikin rumfar, ya cinna wuta, ya ja ƙofa don kada hayaƙin ya tashi sama a gani. Ya fito, ya ɗaga kai kamar kullum. Ƙyallen yana kallon gidan tela. Hankalinsa ya kwanta, ya tafi sayen man inji.

Ya manta cewa hayaƙin da aka kulle ba ya bin iska. Kafa yake nema. Akwai tazara tsakanin kwanon gidan da katangar da rumfar ta jingina da ita, faɗin tafin hannu. Bayan katangar nan kuwa ɗakin mahaifiyarsa ne, tana kwance tana hutun rana, taga a rufe.

Tela ne ya ji warin. Shi ya ɓalle ƙofar ɗakin, ya fito da ita a kafaɗa, yana tari. Ba ta farka ba.

A asibiti likita ya tambayi ɗan ko ya san abin da ta shaƙa. Ya sani. Ya faɗi sunan gubar kafin likita ya rufe baki.

An rufe rumfar. 'Yan uwansa ba su zage shi ba, sun dai daina kiran sunansa. Yana nan da rai, amma ko wutar girki ya gani sai ya kau da kai ya bar wurin. Ƙyallen yana kan sandar, ya kasa cire shi.

Ya 'yan uwa, ku duba a hankali. Laifinsa ba rashin sani ba ne. Ya san gubar sarai, ya dai zaɓi ƙirjin da za ta shiga. Wane ne a cikinmu ba shi da irin wannan ƙyalle? Wa bai taɓa cewa, tunda ba gidana ba ne, ba komai? Haƙƙin maƙwabci ba ya ɓacewa a iska, kuma akwai ranar da za a tambaye mu abin da muka sani.

Allah ya kiyaye mu daga ilimin da zai zama shaida a kanmu, ya kuɓutar da maƙwabtanmu daga sharrin hannayenmu. Amin.