Kunnuwan Tagulla a Jitar Jatau

Ku matso, jama'a, ku saurara. An yi wani bawan Allah a wani gari, tun iyayenku na samari, ana ce masa Nomau. Kafinta ne. Rumfarsa ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, can bayan 'yan katako. Kujera, ƙafar gado, akwati, har kayan kiɗa in sun lalace, shi ake kai wa. Na ga wani dattijo can baya ya yamutsa fuska da na ambaci kiɗa. Yi haƙuri, Baba, ba rawa na zo koya muku ba. Maganar shaida ce ta kawo ni.

A garin akwai ƙungiyar makaɗa masu zuwa bukukuwa, maigidansu Alhaji Bawale. Cikinsu akwai Jatau, mai kaɗa jitar bes, babbar nan mai tsirkiya huɗu da murya kamar gurnani. Shekara goma sha ɗaya yana rataye da ita, da ita yake ciyar da mutum bakwai.

To, Alhaji Bawale mutum ne mai son a gani. Ya je birni ya tarar da wasu kunnuwan jita, abin nan da ake murɗawa a ja tsirkiya, na tagulla, manya-manya, sai walƙiya suke. Ya sayo, ya sa aka cire na asali aka ɗaura su a kan jitar Jatau, don in an ɗauki hoto a ce kayan Bawale sun fi na kowa. Ya tambayi mai ratayawa? Ina ruwansa!

Tun daga ranar kan jita ya rinjayi gindinta. Jatau ya rataya, wuyan ya sulale ƙasa. Ya ɗaga, ya sake sulalewa. Hannun hagu, wanda aikinsa yawo a kan tsirkiya, ya koma ɗan dako. Awa huɗu mutum na tsaye a gidan biki yana tallafe da ƙarfe. Kafaɗa ta ƙage, yatsu suka yi nauyi, kiɗa ya fara kuɓuce masa. Da ya yi ƙorafi, Alhaji ya ce, "Tsufa ne ya kama ka, Jatau." Aka kwashe da dariya.

Wata uku ana nanata masa haka, har shi ma ya yarda. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho a kafaɗa. Ku ji fa! An zubar da jinin mutum saboda adon wani. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Ashe Alhaji na da ƙanin mata da yake son bai wa gurbin. Amma a ƙungiyar ba a korar mutum sai an nuna laifinsa a gaban kowa. Sai ya ɗauki jitar ya nufi rumfar Nomau.

Nomau ya rataya ta, ya saki hannu, kan ya yi ƙasa. Ya ce, "Alhaji, kan nan ya yi nauyi."

"Ban tambaye ka nauyi ba, Malam Nomau. Gobe zan zo da mutanena duka. Ka ce kaya lafiya lau. Daga nan akwatunan lasifika, ganguna, dandamali, duk aikinka ne."

Ku sani, a lokacin sati uku ke nan Nomau bai buga ƙusar kowa ba. Kalma uku kawai ake nema a bakinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Washegari bayan la'asar suka cika rumfa. Jatau na gefe, ya tallafe hannun hagu da na dama. Alhaji ya ce, "To, gwani, faɗa musu."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya magana ba. Don Allah ka ɗan rataya ta tukuna."

Alhaji ya rataya yana murmushi.

"Saki hannu."

Ya saki. Gwaf! Kan jita ya daki bakin benci.

"Ɗaga ta, Alhaji, ka riƙe har in fere wannan katako."

Kafin a fere rabi, Alhaji ya sauya hannu sau biyu, gumi ya keto masa. Nomau ya ajiye wuƙa ya ce, "Abin da Jatau ya riƙe wata uku ke nan. Hannunsa lafiya lau. Kunnuwan nan ne ba na wannan jita ba."

Nan take ya kwance tagullar, ya sa wasu marasa nauyi daga akwatin tarkacensa. Ya matsar da ƙusar da ake maƙala maratayi ta yi gaba. Ya cire siririyar igiya mai santsi, ya sa fata mai faɗi mai kaushi wadda ba ta zamewa a kafaɗa. Ya rataya wa Jatau ya ce, "Saki duka biyu."

Jita ta tsaya cak. Jatau ya taɓa tsirkiya, yatsu suka ruga kamar da. Ya dubi hannunsa, ya dubi Nomau, idonsa ya ciko. Ya ce, "Ashe ban ƙare ba."

Sauran makaɗan suka ce in Jatau ya tafi, su ma sun tafi. Alhaji ya kwashe tagullarsa ya fice ko sallama babu. Kuna jiran in ce Nomau ya yi arziki? Bai yi ba. Alhaji bai sake kawo masa ko ƙusa ba, ya kuma bi gari yana cewa kafintan nan ba shi da kunya. Nomau ya mutu yana gyaran ƙafar kujera, amma bai je kabari da shaidar zur ba.

Yanzu ku dubi kanku. Kai mai shago, ka jibga wa ma'aikaci ɗaya aikin mutum uku, ka ce malalaci ne. Kai maigida, ka tara baƙi don a yabe ka, matarka ta faɗi a madafa, ka ce raki ne. Ku ji tsoron Allah! Kada ka kira mutum rago sai ka rataya abin da ka rataya masa, ka saki hannu ka gani. Kai kuma da za a kira shaida, a ce kalma uku kawai, ka tuna kalma ukun nan abincin mutum bakwai ne, kuma za a tambaye ka su ranar da babu Alhajin da zai tsaya maka.